Sau Nawa Ake Shayar da Jariri? Nazarin Al'ada da Agogo a Kudancin Birnin Kaduna

Gabatarwa

A ranakun awon jarirai, a asibitocin unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha, akwai wata tambaya da ma'aikatan jinya suka saba ji daga bakin masu haihuwar fari, watau: sau nawa ya kamata a ba jariri nono a yini? Sau da yawa da Hausa ake yin tambayar, da Hausa kuma ake amsa ta, ko da mai tambayar Bajju ce, mai amsawar kuma Gbagyi ko Atyap, domin Hausa ce harshen da ya haɗa mafi yawan ƙabilun wannan sashe na birnin. Amma duk da haka tambayar baƙuwa ce a cikin harshen. Da za a yi wa tsohuwar unguwarzoma ta ƙauye ita, da sai ta yi mamaki, domin a iya saninta nono ba abin ƙirge ba ne. In yaro ya nema sai a ba shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana inda wannan tambaya ta samo asali, da amsar da ilimin likitanci ya ba ta, da kuma matsayin al'adar Bahaushe a gaban wannan amsa. Abin da za a gani shi ne, a kan yawan shayarwa al'ada ta riga likitoci gano gaskiya, amma a kan abin da ake haɗa wa jariri da nono ta kauce hanya. Za a kuma ga cewa babban abin da ke rage shayarwa a birni shi ne nisan da neman abinci ke sanyawa tsakanin uwa da ɗanta. Batun ba ƙarami ba ne, domin a cikinsa akwai ran jariri, da lafiyar uwa, da tazarar haihuwa.

Shayarwa a Bakin Bahaushe

Kafin a shiga al'ada, ya kyautu a dubi kalmomi, domin su ne rumbun da al'umma ke adana tunaninta. Kalmar "nono" a Hausa tana nufin gaɓar jikin mace, tana nufin ruwan da ke fita daga gare ta, har wa yau tana nufin nonon shanu da Fulani ke tallarsa. Yara da iyayensu mata sukan ce "mama". Ruwan farko mai kauri, mai launin rawaya, da ke fitowa a kwanakin farko bayan haihuwa shi ne "dakashi". Idan ruwan ya yawaita bayan kwana biyu ko uku sai a ce "nono ya kawo", in ya yanke kuma a ce "ya ɗauke". Matar da ta haihu "mai jego" ce har ta gama wanka, daga nan ta zama "mai goyo" har zuwa "yaye".

Abin lura a nan shi ne, Bahaushe ya kira dukan lokacin shayarwa da sunan goyo, watau ɗaukar yaro a baya. A tunaninsa shayarwa da kusantar jiki abu ɗaya ne: mai shayarwa ita ce wadda ɗanta ke ɗaure a bayanta da zane da majanyi, tana daka da shi, tana tafiya rijiya da shi, ya motsa ta ji, ta juyo shi gaba ta ba shi. Daɗin daɗawa, duk yawan kalmomin da ke kewaye da nono, babu wata sananniyar kalma da ke nufin ƙayyadadden lokacin shansa. Manya suna da kalaci da abincin rana da tuwon dare, jariri kuwa ba shi da irin waɗannan sunaye, domin ba a taɓa yanka masa lokaci ba.

Wuri guda da aka san ana maganar adadin shan nono shi ne fiƙihu, wajen 'yan'uwantakar shayarwa da ke haramta aure. Malaman mazhabar Shafi'iyya sun sharɗanta sha biyar. Amma mazhabar Malikiyya, wadda ita ce Musulmin ƙasar Hausa ke bi, ba ta ƙirga ba. Ko sau ɗaya nono ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa, 'yan'uwantaka ta tabbata. Abin da addini ya auna shi ne tsawon lokaci. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa. Haka nan Kiristocin yankin suna karanta labarin Hannatu a Littafi Mai Tsarki, wadda ta zauna gida tana shayar da Sama'ila har ta yaye shi, da labarin bikin da Ibrahim ya yi ranar yayen Ishaku. A dukan waɗannan, yaye ake lissafawa, ba a lissafa sha.

Yadda Gargajiya ta Tsara Zaman Mai Jego

Yawan shayarwa a gargajiya bai zo da ka ba, tsarin gida ne ya haifar da shi. Mai haihuwar fari takan tafi wankan gida wurin iyayenta. A kwana arba'in na jego an ɗauke mata daka da surfe da girki. Aikinta wanka, da cin abinci, da ba da nono. Akwai tsohuwa a kusa da ita, kaka ko goggo, wadda ke miƙo mata jariri da zarar ya motsa, ta gyara mata zama, ta nuna mata yadda za ta tallabe shi. Da dare kuma jariri na kwance a gefen uwarsa, yana sha ba tare da kowa ya tashi ya hura wuta ba. Sauran ƙabilun da ke zaune a kudancin Kaduna suna da makamancin wannan tsari. Alal misali, a al'adar Ibo uwar mai jego ce ke tasowa ta zo ta zauna da 'yarta na wasu makonni, abin da suke kira omugwo.

Bayan arba'in, goyo ya ci gaba da aikin da tsohuwa ta fara. Yaron da ke baya ba ya jira sai ya galabaita da kuka kafin a san yana jin yunwa. Ga shi kuma nono shi ne abin rarrashi: in ya faɗi a ba shi, in ya firgita a ba shi, in barci ya gagara a ba shi. Ta haka yaro kan sha sau da dama ƙwarai a yini, kaɗan-kaɗan, ba wanda ya damu da adadi.

Wannan bai keɓanta ga ƙasar Hausa ba. A shekarar 1980 wasu masana biyu, Melvin Konner da Carol Worthman, sun wallafa binciken da aka yi a kan mutanen Kung na hamadar Kalahari, inda suka nuna cewa jariransu kan kama nono kamar sau huɗu a cikin sa'a guda da rana, na ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma tazarar haihuwa a wurinsu ta kusa shekara huɗu. Ke nan shayarwa a kai a kai ita ce daɗaɗɗiyar ɗabi'ar ɗan Adam, ƙayyade ta da agogo kuwa sabon abu ne.

Shigowar Agogo

Agogo ya shiga tsakanin uwa da jariri ta ƙofa uku. Ƙofa ta farko ita ce koyarwar likitocin Turai na farkon ƙarni na ashirin. Fitacce a cikinsu shi ne Truby King na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya kafa ƙungiyar Plunket a 1907. Shi mai goyon bayan nonon uwa ne, amma ya koyar cewa a shayar da jariri bayan kowace sa'a huɗu, kada a ba shi da tsakar dare, kada kuma a ɗauke shi don ya yi kuka, wai don ya saba da horo tun yana ƙarami. Wannan koyarwa ta bazu a Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta, ta shiga littattafan da ake horar da ma'aikatan jinya da su. A asibitocin wancan zamani akan ware jarirai a ɗaki daban, a kawo wa uwa nata in lokaci ya yi. Matar da ta haihu a irin wannan wuri takan koma gida da tunanin cewa shayarwa bisa agogo ita ce wayewa.

Ƙofa ta biyu ita ce madarar gwangwani da bulumboti, wadda wasu ke kira fida. Madarar gwangwani da awo take zuwa: cokali kaza, ruwa kaza, sau kaza a rana, an rubuta a jikin gwangwani. Wanda ya saba ganin wannan lissafi sai ya ɗauka nonon uwa ma haka ya kamata a yi masa. Tun a 1939 likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta yi wani shahararren jawabi a Singafo tana sukar tallan madara ga iyaye matalauta. Sukar ta yi ƙarfi a shekarun 1970, har a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙa'idojin tallata abubuwan da ke maye gurbin nonon uwa. Nijeriya ta kafa tata dokar a 1990.

Ƙofa ta uku, wadda ta fi shafar kudancin Kaduna, ita ce aikin albashi. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 wasu masaƙun suka biyo baya, irin su Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles, sa'an nan a 1975 kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya buɗe. Dubban mutane suka kwararo daga kudancin Zariya da Binuwai da Filato da sauran wurare, unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da gidajen haya. Mafi yawan ma'aikatan masaƙun maza ne, amma agogon masana'anta bai tsaya a bakin ƙofarta ba. Matar ma'aikaci tana zaune a ɗaki guda na haya, nesa da uwarta da surukarta. Ita ce mai jego, ita ce mai girki, sau da yawa kuma ita ce mai sayar da abinci ga ma'aikata a lokacin tashi daga aiki. Tsohuwar da ke miƙo jariri tana can ƙauye. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, wasu masaƙun kuma suka bi ta a shekarun da suka biyo, amma salon rayuwar da suka kafa ya zauna. Malamar makaranta da ke Sabon Tasha tana aiki a tsallaken gada, da ma'aikaciyar banki a Barnawa, da mai shago a kasuwar Kakuri, duk da lokaci suke fita, da lokaci suke dawowa. A bakinsu ne tambayar "sau nawa" ta sami ma'ana.

Abin da Ilimin Likitanci ya Tabbatar

Amsar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsaya a kai ita ce a shayar da jariri duk lokacin da ya nema, dare da rana. A makonnin farko wannan yakan kai sau 8 zuwa 12 a cikin sa'a 24, wani lokaci ma ya wuce. Wannan adadi bayanin abin da aka saba gani ne, ba a kafa shi don a raba yini da shi ba. Wani bincike da aka wallafa a 2006 daga Ostareliya, a kan jarirai masu wata ɗaya zuwa shida da ba sa shan kome sai nono, ya sami masu sha sau 6 a yini da masu sha har sau 18, matsakaicinsu kuwa 11. Dalilan wannan yawa guda uku ne.

Na farko, ƙanƙantar ciki. A ranar haihuwa abin da jariri ke sha a zama ɗaya bai fi cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. Sai bayan mako guda yake kai wa mililita 45 zuwa 60. Ga shi kuma nonon uwa na da saurin narkewa fiye da madarar shanu, saboda haka bayan sa'a ɗaya da rabi ko biyu ciki ya nemi ƙari. Wanda aka ce ya jira sa'a huɗu, an bar shi da yunwa ke nan.

Na biyu, yadda jiki ke samar da nono. Tsotson jariri ne ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwar uwa, ta saki wasu sinadarai biyu. Ɗaya, furolaktin, shi ke sa a samar da nono. Ɗayan, oksitosin, shi ke matso shi ya fito, shi ne kuma ke sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, zubar jini ya ragu. Idan nono ya daɗe a cike ba a sha ba, jiki yakan ɗauka ba a bukatarsa, sai ya rage samarwa. Misalinsa kamar rijiya ce, wadda yawan ja ke sa ta kawo sabon ruwa. Saboda haka matar da ke jinkirta shayarwa wai don nono ya taru, tana rage shi ne ba ta sani ba. Har wa yau furolaktin ya fi yawa da dare, shi ya sa shan dare, wanda Truby King ya hana, yake da muhimmanci wajen ɗorewar nono. Jinkirin kuma kan sa nono ya cika ya yi tauri, har ya kai ga kumburi da zazzaɓi.

Na uku, bambancin mata da na jarirai. Wata nononta na ɗaukar ruwa da yawa a lokaci guda, ɗanta ya ƙoshi ya daɗe. Wata kuwa kaɗan yake ɗauka, ɗanta ya riƙa dawowa, amma in aka tara abin da yaran biyu suka sha a yini sai a tarar ya kusa daidai. Akwai kuma ranakun da yaro ke maƙale wa nono, musamman da yamma ko lokacin da girma ya taso masa. Wannan ba alamar ƙarancin nono ba ce, hanya ce da yaro ke sa jikin uwarsa ya ƙara samarwa.

To, in ba agogo, da me za a yi aiki? Da alamun yaro. Kafin ya yi kuka yakan buɗe ido, ya motsa baki, ya juya kai yana lalube, ya kai hannu baki yana tsotsa. Kuka shi ne alama ta ƙarshe, kuma yaron da ya riga ya fusata yakan yi wuyar kama nono. A bar shi ya sha gefe guda har ya saki da kansa kafin a juya shi, domin ruwan ƙarshe ya fi na farko maiƙo. Shaidar ƙoshi kuwa a fili take: bayan kwana biyar na farko ya yi fitsari garau aƙalla sau shida a yini, nauyin da ya ragu bayan haihuwa ya dawo cikin kamar mako biyu, katin awo kuma ya nuna yana hawa. Togaciya guda ita ce jaririn da ba ya nema. Bakwaini, ko mai ƙarancin nauyi, ko wanda shawara ta kama, yakan yi barci mai nauyi. Irin wannan tashinsa ake yi a ba shi, kada a bari ya wuce sa'a uku a kwanakin farko. In ya ƙi kama nono sam, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba.

Akwai wata fa'ida kuma da ta haɗu da tsohuwar damuwar Bahaushe game da kwanika, watau samun ciki kafin yaye. Yawan tsotso na jinkirta dawowar haila. A wani taro da aka yi a Bellagio ta Italiya a 1988, masana sun amince cewa shayarwa na kare mace daga ɗaukar ciki da fiye da kashi 98 cikin ɗari, muddin sharuɗɗa uku sun cika: yaro bai kai wata shida ba, haila ba ta dawo ba, kuma nono ne abincinsa dare da rana ba tare da doguwar tazara ba. Da zarar ɗaya ya faɗi, kariyar ta raunana. Tsoron kwanika ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Kalmar kwashiyoko, wadda Cicely Williams ta shigar cikin littattafan likitanci a shekarun 1930, daga harshen Ga na Gana take, kuma tana nuni ne ga ciwon yaron da ƙaninsa ya ture shi daga nono.

Inda Al'ada ta Kauce

Bai kamata a ɗauka cewa duk abin da gargajiya ta zo da shi daidai ne ba. Kuskurenta na farko shi ne ƙyamar dakashi. A wurare da yawa akan ɗauke shi gurɓataccen nono, a matse a zubar, a riƙa ba jariri ruwan ɗumi ko madarar dabba har nono ya kawo. Wasu ma sukan gwada lafiyar nono ta hanyar tatsa shi a ludayi a jefa ƙwaro irin su tururuwa a ciki, in ya mutu a ce nonon na da illa. Alhali kuwa dakashi cike yake da sinadaran kariya daga cuta, yana kuma taimaka wa jariri fitar da baƙin kashin farko. Shi ya sa ake son a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa ya kama nono a cikin sa'a ta farko. Jinkirin kwana biyu ko uku yakan jinkirta kawowar nonon da ake jira.

Na biyu shi ne kunyar ɗan fari. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, ya nuna irin nauyin da Bahaushiya ke ji game da ɗanta na fari. A gidan gandu kunyar ba ta cika yin ɓarna ba, domin akwai tsofaffin da za su matsa wa yarinya ta ba da nono. Amma inda aka riƙe kunyar aka rasa tsofaffin, jariri ne ke biyan kuɗinta.

Na uku, kuma mafi yaɗuwa a tsakanin dukan ƙabilu da addinai, shi ne ba da ruwa. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya tsananta a Kaduna, da wuya a gamsar da kaka cewa jikanta ba ya bukatar ruwa. A ganinta hana ɗan Adam ruwa mugunta ce. Gaskiyar maganar ita ce, kusan kashi 88 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma binciken da aka yi a ƙasashe masu zafi irin su Indiya da Pakistan ya nuna cewa jaririn da ke shan nono yadda yake so ba ya bukatar ƙari. Ƙishirwar da kaka ta hango gaskiya ce, amma maganinta a ƙara ba shi nono, uwa kuma ta ƙara shan ruwa. Ruwa da jiƙe-jiƙe irin su ɗauri, da ɗurar koko tun yaro bai isa ba, suna cika ɗan ƙaramin ciki, sai tsotso ya ragu, nono ya ragu a bayansa. Ga kuma haɗarin gudawa, musamman a unguwannin da ke dogara da rijiya da 'yan garuwa. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar nono zalla har wata shida, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta nuna cewa jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida da ke shan nono zalla kashi 17 ne cikin ɗari a 2013, suka kai kashi 29 a 2018. Watau kusan kowace uwa na shayarwa, amma mafi yawa suna haɗawa da wani abu.

Mai Goyo a Wurin Aiki

Ana iya koya wa uwa duk abin da ya gabata, amma in ɗanta na Unguwar Romi ita kuma tana ofis a tsallaken kogi daga safe zuwa la'asar, ilimin bai isa ya haɗa su ba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, ya kuma ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a lokacin aiki. Wannan rabin sa'a tsohon ma'auni ne, tun yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1919 yake, kuma amfaninsa kaɗan ne in babu ɗakin reno a kusa, domin bai isa a tsallaka gada a dawo ba. A 2019 Gwamnatin Jihar Kaduna ta amince da hutun haihuwa na wata shida ga ma'aikatanta mata, wanda ya yi daidai da watannin nono zalla. Sai dai wannan bai shafi masu aiki a kamfanoni da makarantun kuɗi ba.

Wani abin mamaki shi ne, mai sayar da tumatir a kasuwar Sabon Tasha, wadda babu dokar da ta ba ta hutu, ta fi ma'aikaciyar ofis damar shayarwa yadda ya kamata, domin ɗanta na bayanta. Ga wadda ba ta da wannan dama, akwai dabarun da ma'aikatan lafiya ke koyarwa. Ta shayar kafin ta fita da kuma da zarar ta dawo, ta yawaita da dare da ranakun hutu. Ta tatsi nono da hannu a kofi mai tsabta mai murfi, wanda kan iya zama kamar sa'a huɗu a wuri mai inuwa ba tare da firji ba, mai reno ta ba yaro da ƙaramin kofi, domin kofi ya fi bulumboti sauƙin wankewa. Ta kuma riƙa tatsa a wurin aiki don kada nonon ya ja baya. Duk wannan na bukatar haɗin kan miji da shugaban wurin aiki da mai reno.

Kammalawa

An ga yadda harshen Hausa ya haɗa shayarwa da goyo, bai kuma yanka wa jariri lokaci ba, da yadda agogo ya shigo ta hanyar asibiti da gwangwani da aikin albashi. Likitanci da kansa ya janye daga koyarwar sa'a huɗu: matakai goma na ingantacciyar shayarwa da aka fitar a 1989, waɗanda shirin asibitoci masu ƙaunar jarirai ya ginu a kansu tun 1991, sun bukaci a bar uwa da jaririnta ɗaki ɗaya, a kuma shayar da shi duk sa'ad da ya nema. Wannan shi ne abin da tsohuwar unguwarzoma ta sani tun fil azal. Abin da ya rage mata ta karɓa shi ne dakashi abinci ne, ruwa kuma ya jira wata shida.

A nan akwai aiki a gaban masana harshe da malamai. Saƙon da ake isarwa a ranar awo da Hausa yake tafiya, kuma yadda aka furta shi na iya gyarawa ko ɓatawa. In aka ce wa uwa "sau takwas", tana iya ɗauka an yi mata iyaka, ta riƙa hana yaro na tara. In aka ce mata "duk sa'ad da ya nema, dare da rana, kada dai ya gaza sau takwas", an ba ta ma'aunin likita a cikin tunanin da ta gada. Haka nan kaka za ta fi saurin amincewa in aka ce mata ruwansa na cikin nonon uwarsa, fiye da in aka ce mata an hana shi ruwa. Tattara irin waɗannan kalamai daga bakin unguwarzoma da masu jego na Kakuri da Sabon Tasha, da auna yadda kowace ƙabila ke fahimtarsu, fage ne da ke jiran ɗaliban Hausa masu neman abin bincike.